Yadda Ake Haɗa Duwatsun Abin Wuya da Yumɓun Folima

Da yake an yi ta tambayar yadda ake kwaikwayon dutse shuɗi mai baƙaƙen jijiyoyi da yumɓun folima, wato yumɓun roba da ke taurarewa idan an gasa shi, ga matakan bi da bi.

1. A murza yumɓu shuɗi da ɗan fari da ɗigon kore har ya yi laushi.

2. A bar shi ya huce, domin yumɓu mai ɗumi yana manne wa reza.

3. A daddatsa shi ƙanana da manya. Idan girmansu ya zo ɗaya, dutsen ba zai yi kama da na gaske ba.

4. A shafe gutsattsarin da baƙin fentin akirilik.

5. A jira fentin ya bushe sarai.

6. A dunƙule su da ƙarfi su zama ƙananan ƙwallaye, amma kada a murza, don murzawa tana dagula launin.

7. A huda kowane ƙwallo da tsinke daga ɓangarorin biyu.

8. A gasa a obin bisa zafin da aka rubuta a jikin fakitin yumɓun: yumɓu samfurin Fimo digiri 110 na Salsiyas, minti 30. Gargaɗi: a nan aka fi yin ɓarna, domin zafi da ya wuce kima yana ƙona yumɓun ya fitar da hayaƙi mai cutarwa, wanda bai gasu ba kuma yana karyewa.

9. Bayan ya huce, a goge da samfefa cikin ruwa, daga mai kaushi lamba 400 zuwa mai laushi lamba 1000, har jijiyoyin su bayyana.

10. A goga da ƙyallen auduga har ya yi sheƙi. A ganina wannan ya fi shafa banish kyau.

11. A jera duwatsun a zare mai ƙarfi.