Yadda na fita daga ƙangin bashi

A da albashina ba ya kai 15 ga wata, daga nan sai cin bashi. Ranar da mai shago ya buɗe littafinsa a gaban mutane, na ga sunana ya cika shafi biyu, ban runtsa ba.

Na sayi ƙaramin littafi, ko ruwan leda na sha sai na rubuta. Wata guda na gano inda kuɗin ke zurarewa: data, tsiren dare, da cajin masu POS, don kullum kaɗan-kaɗan nake cira.

Yanzu albashi na shigowa nake auno hatsin wata, kuɗin cefane kuma sau ɗaya a mako. Ƙananan basussuka na fara biya. Mai shago na roƙe shi wata uku, ya yarda, Allah ya saka masa. Katin ATM kuwa yana hannun maiɗakina.