Yadda na rabu da zafin tauna bayan cikon haƙori

Da allurar kashe zafi ta sake ni bayan an cike mini ramin haƙori, sai na ji in na rufe baki, haƙorin da aka cike ɗin ke fara taɓa na sama. Tauna ta gagara, zafi har muƙamuƙi. Irin wannan ba na jira ba ne, na koma wurin likita.

Ya sa mini wata siririyar takarda shuɗiya, ya ce in cije in gurza haƙora. Inda launin ya fi kamawa, nan cikon ya yi tudu. Ya goge wurin, ko allura bai yi ba, cizo ya daidaita nan take.

Zugin ruwan sanyi ne ya ɗan daɗe. Burushi mai laushi da man goge baki na rage zugi suka kwantar da shi sannu a hankali.