Yadda zaka zaɓi jakar barci ta gashin agwagwa kafin ka tafi kwanan dutse

Masu shirin hawan Kilimanjaro ko dutsen Kamaru ko Toubkal na Maroko yawanci takalmi suke fara nema, sai jaket, jakar barci kuma sai ana saura kwana biyu tafiya a shiga intanet a danna wadda aka gani da babbar lamba an rubuta -20 a jikinta, alhali ita ce zata yanke maka hukuncin ko zaka yi barci ko zaka kwana haƙoranka na karo da juna, kuma wanda bai yi barci ba ƙafarsa bata ɗaukarsa washegari komai tsadar takalminsa. Toh bari mu bi abin a hankali.

Kafin ka kalli kowace jaka ka fara sanin sanyin wurin da zaka kwanta, ba na ƙololuwar dutsen ba, don ba a can ake kwana ba. Iska tana ƙara sanyi da kamar digiri 6 da rabi duk mita 1,000 da ka hau. Garin Moshi da ake tashi daga cikinsa zuwa Kilimanjaro bai kai mita 1,000 ba, sansanin Barafu kuwa inda ake kwanan ƙarshe kafin a kai ƙololuwa ya haura mita 4,600, kaga idan dare a Moshi digiri 17 ne to a Barafu kana maganar -7 ne ko ƙasa da haka idan iska ta taso. Dutsen Kamaru da yake kan garin Buea mita 4,040 ne, sanyinsa bai kai wancan ba amma ga ruwan sama da hazo. Chappal Waddi namu na Taraba mita 2,419, shi kam da wuya ka ga ƙanƙara, haka duwatsun Shere na Jos, da hunturu dai zaka ji jiki amma ba irin sanyin da zaka kashe dala 500 a kansa ba ne. Wanda zai kwana a sahara ta wajen Agadez a watan Janairu shi ma kada zafin rana ya ruɗe shi, da asuba sanyin yana iya kusantar sifili.

Yanzu ga inda ake cutar mutane, lambar nan ta jikin jaka. Akwai gwaji na ƙa'ida da Turai suka fito da shi mai suna EN 13537, daga baya a 2016 aka mayar da shi na duniya ya koma ISO 23537, ana saka mutum-mutumi mai ɗumi da na'urori a jikinsa cikin jakar a ɗaki mai sanyi a auna zafin da yake zubarwa, sai a fitar da lambobi uku da zaka gansu a rubuce, Comfort da Limit da Extreme. Ta farkon ita ce sanyin da mace ko duk mai saurin jin sanyi zai yi barci a miƙe lafiya lau. Ta biyu ita ce wadda namiji mai jini a jika zai iya barci amma a ƙudundune. Ta ukun kuwa ba maganar barci ba ce sam, ma'anarta mutum zai iya kai awa 6 bai mutu ba amma yana karkarwa kuma yatsunsa na iya lalacewa, wallahi ita ce kuma masu sayarwa da yawa suke bugawa da manyan haruffa a jikin buhun. Saboda haka jakar da ka gani an rubuta -20 ta yiwu Comfort ɗinta wajen digiri 2 sama da sifili ce kacal. Ni shawarata ga ɗan ƙasar zafi, namiji ne kai ko mace, ka manta da sauran biyun ka bi Comfort kawai, jikin da ya saba da digiri 38 na Kano ko Maradi ba ɗaya yake da na mutumin Norway ba, balle ga gajiya ga ƙarancin iskar shaƙa a sama wanda shi ma yana ƙara sa jin sanyi. Ka ɗauki sanyin da kake tsammani ka ƙara sauka ƙasa da digiri 3 zuwa 5 na ko-ta-kwana. Idan kuma jaka ba ta da waɗannan lambobi ko alamar EN ko ISO, kamfanin ne kawai ya faɗi abin da ya ga dama, sai dai in tsohon kamfani ne da aka san shi da gaskiya irin su Western Mountaineering ko Feathered Friends.

Wani abin kuma, kayan Amurka da Fahrenheit suke lissafi. In ka ga an rubuta 20 a sunan jakar Amurka -7 kenan a namu ma'aunin, 30 kusan -1 ne, 0 kuma -18. Ka duba harafin F ne ko C kafin ka biya.

Sai gashin da kansa. Ba gashin fiffike ake nufi ba mai tsinke a tsakiya, wani lallausan gashi ne da yake kwance a ƙirjin agwagwa ko dinya ƙarƙashin na waje, ba shi da tsinke, kuma ba shi yake kawo ɗumi ba, jikinka ne murhun, shi aikinsa ya kumbura ya riƙe iskar da jikinka ya ɗumama kada ta gudu, yadda kaza take bubbuɗa gashinta ta kumbura da sanyin safiya. Don haka kaurin jaka in ta kumbura shi ne ɗuminta. Lambar da suke kira fill power, wato 600 ko 700 ko 850 da kake gani, tana nuna yawan wurin da giram 28 na gashin yake cikawa in ya kumbura. 550 zuwa 650 matsakaici ne, 700 zuwa 800 mai kyau ne, 850 zuwa sama na 'yan gayu ne masu ƙirga kowane giram a bayansu.

Amma fa wannan lambar ita kaɗai ba ta cewa komai game da ɗumi, nan mutane da yawa suke faɗawa. Jaka mai 900 da aka zuba wa giram 200 bata kai ɗumin mai 650 da aka zuba wa giram 700 ba. Dole ka nemo lamba ta biyu, nauyin gashin da aka zuba a ciki, kamfanin kirki zai rubuta, wanda ya ɓoye kuma akwai dalilin ɓoyewar. A ƙiyasi dai in gashin mai 800 ne, giram 400 zuwa 500 zai kai ka wajen sifili, 600 zuwa 700 wajen -5 zuwa -7, in kana neman -10 zuwa ƙasa sai ka doshi giram 800 ko 900. Amfanin babbar lamba kawai shi ne ka samu ɗumi iri ɗaya da ƙarancin nauyi da ƙarancin cin wuri. In 'yan dako ne zasu ɗaukar maka kaya kamar yadda ake yi a Kilimanjaro ban ga dalilin da zai sa ka ninka kuɗi don rage giram 300 ba, mai 650 ta ishe ka, amma in kai zaka goya kayanka kwana biyar a jere to nan ne 800 take biyan kuɗinta.

Zaka kuma ga 90/10 ko 80/20, kashi 90 lallausan gashi kashi 10 ƙananan gashin tsinke kenan, kada ka sauka ƙasa da 80/20. Batun na dinya ya fi na agwagwa kuwa, in lambarsu ɗaya ɗuminsu ɗaya, na dinya ne dai ya fi kaiwa manyan lambobi, na agwagwa mai araha wani lokaci yakan yi ɗan ƙarni in ya ji danshi. Alamar RDS in ka ganta tana nufin an bi diddigi ba a fige tsuntsun da ransa ba.

Babban ciwon gashin nan ruwa ne. Da zarar ya jiƙe sai ya dunƙule ya kwanta, ɗumi ya tafi, kuma yana iya cin yini biyu bai bushe ba. Shi ya sa in tafiyarka ta Mambila ce ko Obudu ko dutsen Kamaru da damina, gaskiya ka tsaya ka yi tunani ko jakar audugar roba ta fi maka, ta fi nauyi ta fi cin wuri kusan ninki biyu amma ko ta ji laima tana riƙe wani abu na ɗumi, tana saurin bushewa kuma kuɗinta bai kai rabi ba. Akwai gashin da ake shafa wa maganin korar ruwa, yana taimakawa da raɓa da gumin cikin tanti amma ba zai cece ka ba in jakar ta faɗa rafi. Duk wadda ka saya dai ka zura ta cikin babbar leda mai kauri kafin ka sa ta a jakar goyo, leda ɗaya ta shara ta isa.

Dubi ɗinki kuma. Cikin jakar an raba shi ɗaki-ɗaki don kada gashin ya zube gefe guda. Masu araha ana ɗinke yadin sama da na ƙasa ne kai tsaye, toh duk layin ɗinkin nan babu gashi a wurin, ta nan sanyi yake shigowa, wannan ba laifi in sanyin bai sauka ƙasa da digiri 5 ba. Na sanyi na gaske ana sa ɗan bangon yadi tsakanin sama da ƙasa don kaurin ya zama ɗaya ko'ina. In jakar tana hannunka ka ɗaga ta saitin haske, duk inda ka ga haske ya ratso fili babu gashi kenan. Ka duba akwai hula mai igiyar tsukewa har sai hanci da baki kawai suka rage a waje, akwai wani ɗan cushen gashi kamar matashin kai da yake zagaye wuya ya hana ɗumi fita duk sanda ka motsa, akwai kuma irinsa a bayan zif tun daga sama har ƙasa. Jakar da aka ce ta ƙasa da sifili ce babu waɗannan ukun ni ba zan yarda da ita ba. Zif ɗin ma ka ja shi sau da yawa ka gani ko yana cin yadi, don ba abin haushi kamar fitsari ya matse ka ƙarfe uku na dare zif ya maƙale.

Girma kuwa, mai tsukakken ƙafa da take bin surar jiki ta fi mai kusurwa huɗu ɗumi nesa ba kusa ba, saboda duk wurin da ya rage fanko jikinka ne zai ɗumama shi. Tsawonta ya ɗara naka da kamar ɗani ɗaya, in ta yi maka kaɗan ƙafarka zata danne gashin ƙasan ta yi sanyi, in ta yi yawa ka kwana kana ɗumama iska. Masu faɗin kafaɗa ko tumbi su duba faɗin ƙirji, in da hali ka shiga ciki a shagon sanye da rigar sanyinka ka juya hagu da dama, kunya ba taka ba ce a nan. 'Yan uwa mata akwai waɗanda aka yanka don ku, sun fi faɗi a ƙugu an kuma ƙara gashi wajen ƙafa.

Ga abin da ake mantawa, gashin da ka kwanta a kansa ya danne ya zama ba shi da amfani, ƙasa kuwa tana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska. Ko gwajin can da na faɗa a kan shimfiɗa mai kauri ake yinsa. Ka sayi jakar dala 600 ka shimfiɗa ta kan tabarmar roba zaka kwana bayanka kamar ƙanƙara ka tashi kana zagin kamfani ba laifinsu. Katifar tafiya tana da tata lambar da ake rubutawa da R, 2 ta ishi wuri irin Jos, 3 zuwa 4 in ana taɓa sifili, 5 zuwa sama in kan ƙanƙara ne, kuma in ka ɗora biyu lambobinsu haɗuwa suke.

Kuɗi dai, ta kirki daga wajen dala 200 take farawa har ta wuce 600. Decathlon da Naturehike suna ɓangaren sauƙi, Rab da Mountain Equipment da Sea to Summit da Cumulus na Poland suna sama. In tafiya ɗaya zaka yi a rayuwa kamfanonin hawan dutse a Moshi da Arusha suna bayar da haya, ka tafi da ɗan zanen ciki naka da ka ɗinka kamar buhu saboda tsafta, yana ma ƙara ɗan ɗumi. A gwanjo ma akan yi dace, wajen masu bargo da rigunan sanyi a Ƙofar Wambai ko Katako ta Jos, wani lokaci mai kayan bai ma san abin da yake riƙe da shi ba. Ka karanta ɗan kyallen da yake jikinta ka ga me aka zuba, ka murza da yatsa ka ji ko tsinke ya yi yawa, ka girgiza ta ka shimfiɗa ka ba ta minti 15, in ta tashi ta yi tudu da ranta, in ta kwanta lakadan ka shinshina, in datti ne kawai wanki zai dawo da ita, amma in warin funfuna ne ka bar masa kayansa.

In ka dawo gida kada ka bar ta a matse cikin ƙaramin buhunta wata da watanni, gashin karyewa yake ya daina tashi. Ka shanya ta a inuwa ta sha iska sosai sannan ka sa ta a babban buhun yadi sakwa-sakwa ko ka rataye, da damina kuma ka riƙa fito da ita lokaci-lokaci. Wanki ba kullum ba, sai ta yi datti na gaske, kuma ba da omo ba don yana cire man da yake jikin gashin, akwai sabulun ruwa na musamman irin na Nikwax, kada kuma ka kai ta wajen masu wankin kemikal. Ka jiƙa ta a babban baho da ruwa mai ɗan ɗumi ka riƙa dannawa a hankali ba murɗewa, ka ɗauraye har kumfa ya ƙare, ka tallabo ta daga ƙasa don nauyin ruwan yana iya yaga bangon cikin. In akwai injin busarwa ka sa a zafi kaɗan tare da ƙwallon tanis biyu ko uku su riƙa farfasa dunƙulen, in babu ka bari sai hunturu ka wanke, ka shimfiɗa ta a kwance kana bi kana wawware gashin da yatsu duk bayan 'yan awanni har ka daina jin ko dunƙule ɗaya.