Yadda Ake Tanadar Takardar Shaida Kafin Kaɗa Ƙuri'a a Jihohin Amurka

Amurka ba ta da katin zaɓe guda ɗaya da ake amfani da shi a faɗin ƙasar, domin kowace jiha ce ke tsara abin da mai zaɓe zai nuna a rumfar zaɓe kafin a miƙa masa takardar ƙuri'a. Fiye da jihohi 30 suna neman wani nau'i na shaida, wasu da hoto dole, wasu kuma ko babu hoto, yayin da jihohi irin su Kalifoniya da New York ba sa neman komai daga yawancin masu zaɓe sai suna da adireshi, wani wurin kuma da sa hannu. Saboda haka abin da ya yi wa ɗan'uwanka aiki a wata jiha ba lallai ne ya yi maka a taka ba.

Mataki na farko shi ne ka tabbatar kana da ikon yin zaɓen, kuma sunanka yana cikin rajista. Zaɓen tarayya na 'yan ƙasa ne da suka kai shekara 18. Mai riƙe da katin zama na dindindin (Green Card) bai zama ɗan ƙasa ba tukuna, kuma idan ya yi rajista ko ya kaɗa ƙuri'a zai iya fuskantar shari'a, har ma da kora daga ƙasar. Idan ka riga ka yi rantsuwar zama ɗan ƙasa, shiga shafin vote.gov, ka zaɓi jiharka, daga nan za a kai ka inda za ka duba rajistarka. Kada ka yi jinkiri, domin a Teksas ana rufe rajista kwana 30 kafin zaɓe. Dakota ta Arewa ce kaɗai ba ta da rajistar masu zaɓe, amma a can sai ka nuna shaida mai ɗauke da suna da ranar haihuwa da adireshin gida.

Bayan haka sai ka nemo jerin takardun da jiharka ta yarda da su, daga shafin sakataren jiha, wato jami'in da ke kula da zaɓe a yawancin jihohi, ko hukumar zaɓe ta gundumarka, ka karanta shi a tsanake. Nan ne mutane suka fi tuntuɓe, domin abin da hankali zai ce shaida ce ba kullum doka ke karɓarsa ba. Teksas tana karɓar takardu bakwai: lasisin tuƙi na jihar, katin shaida na jihar, takardar shaidar zaɓe da jihar ke bayarwa, lasisin riƙe ƙaramar bindiga, katin soja mai hoto, takardar zama ɗan ƙasa mai hoto, da fasfon Amurka. Katin ɗalibi ba ya cikin jerin, ko da kuwa jami'ar ta gwamnatin jihar ce. Indiyana, wadda Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da dokarta ta neman shaida mai hoto a shekarar 2008, tana so katin ya fito daga hannun gwamnatin jihar ko ta tarayya, don haka lasisin tuƙi na wata jiha ba zai yi ba.

Ɗauko katin naka ka duba ranar ƙarewar wa'adinsa. A Jojiya ana karɓar lasisin tuƙi na jihar ko da wa'adinsa ya ƙare. A Teksas, mai shekara 18 zuwa 69 zai iya amfani da katin da ya ƙare, muddin bai wuce shekara huɗu da ƙarewa ba, wanda kuma ya kai 70 babu ruwansa da wannan iyaka.

Sai batun suna, wanda a ganina ya fi shafar mutanenmu. Mutum ɗaya zai iya zama Muhammad a fasfo, Mohammed a lasisin tuƙi, kuma a rajista an juya sunan mahaifi ya koma gaba. Haka ma matar da ta sauya suna bayan aure. Ajiye katin kusa da abin da rajista ta nuna, ka gwada su harafi bayan harafi. Idan bambancin kaɗan ne, Teksas tana barin mutum ya sa alama a takardar rantsuwa cewa shi ne mai sunan, ya wuce ya yi zaɓensa. Duk da haka ya fi dacewa ka gyara rajistar tun da wuri, maimakon ka tsaya yi wa ma'aikacin zaɓe bayanin yadda ake rubuta sunanka alhali layi ya yi tsawo a bayanka.

Idan ka ga ba ka da ko ɗaya daga cikin takardun, nemi katin shaidar zaɓe na kyauta. Jihohin da suka tsaurara doka suna bayar da shi ba tare da biyan kuɗi ba. A Jojiya ana samunsa a ofishin rajistar gunduma ko a hukumar da ke ba da lasisin tuƙi. Katin ne kyauta, amma takardun da za ka kai domin a ba ka shi, kamar takardar haihuwa, sukan buƙaci kuɗi da lokaci, shi ya sa ya kamata a fara nema makonni kafin zaɓe. Wanda ya kasa samu saboda dalili mai ƙarfi, kamar rashin abin hawa, rashin lafiya, ko lokutan aiki, yana da mafita a Teksas: zai cike takardar bayyana uzuri a rumfar zaɓe, ya haɗa da wata shaida kamar takardar kuɗin wuta ko bayanin asusun banki.

Akwai kuma doka ta tarayya ta shekarar 2002 da ta shafi kowace jiha, har da waɗanda ba sa neman shaida. Wanda ya yi rajista ta gidan waya, zai yi zaɓe a karon farko, kuma hukuma ba ta tantance lambar lasisinsa ko lambobi huɗu na ƙarshe na lambarsa ta Social Security, wato lambar shaida da gwamnatin tarayya ke bai wa mutum, ba, za a nemi ya nuna kati mai hoto ko takarda mai sunansa da adireshinsa. Sabon ɗan ƙasa ya kamata ya sa irin wannan takarda a aljihu ko da an ce masa jiharsa ba ta tambaya.

Mai aika ƙuri'a ta gidan waya shi ma bai tsira ba. Tun 2021 Jojiya ke neman lambar lasisin tuƙi ko ta katin shaida a kan takardar neman ƙuri'ar da kuma ambulan, a Oregon kuwa sa hannun da ke bayan ambulan ake gwadawa da wanda ke cikin rajista.

A ranar zaɓe, wato Talatar da ke bin Litinin ta farko a watan Nuwamba, tafi da ainihin katin, kada ka dogara da hotonsa a waya. Idan ka manta shi kuma gida ba nisa, komawa ka ɗauko ya fi sauƙi. Idan hakan ba zai yiwu ba, kada ka juya ka tafi, ka ce wa ma'aikacin, "Ina so a ba ni ƙuri'ar wucin gadi." Za ka cike ta, a sa ta cikin ambulan daban, a ajiye ta har sai an tabbatar da kai.

Wannan ƙuri'a ba za ta shiga lissafi ba a jihohi masu tsauri sai ka kai shaidarka ofishin zaɓe cikin wa'adi, kuma wa'adin gajere ne, ana ƙirga shi daga ranar zaɓe: kwana uku a Jojiya, kwana shida a Teksas, ƙarfe huɗu na yammacin Juma'ar makon zaɓe a Wiskonsin, tsakar rana ta kwana na goma a Indiyana. Kafin ka bar rumfar, karɓi takardar bayanin da za a ba ka, ka tambayi ofishin da za ka je da lokacin da yake rufewa, sannan daga baya ka bi ta lambar waya ko shafin da ke jikin takardar ka ga ko an ƙidaya ƙuri'arka.