Yadda Matuƙin Jirgin Sama Zai Samu Takardar Shaidar Lafiya

Duk mai niyyar koyon tuƙin jirgin sama, ko a Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya ko a wata makaranta, ya kamata ya fara zuwa wurin likita kafin ya biya ko sisi na kuɗin makaranta, domin akwai matsalar da sai gwaji ke fito da ita, kamar rashin bambance ja da kore.

Da farko ka san ajin da kake nema. Ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ta raba shaidar lafiyar gida uku: aji na 1 na matuƙan jiragen haya da kasuwanci, aji na 2 na masu tuƙi don kansu, aji na 3 kuma na masu ba jirage umarni daga hasumiya. Idan sana'a kake so, nemi aji na 1 tun daga farko.

Daga nan ka tuntuɓi NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ko takwararta ANAC idan a Nijar kake, ka karɓi sunayen likitocin da ta amince da su, saboda takardar likitan da ba ya cikinsu ba ta wadatarwa komai ƙwarewarsa. Ranar gwaji ka tafi da katin shaida, da tabaranka idan kana sawa, da takardun duk wata jinya ko tiyata da aka taɓa yi maka. Za a auna hawan jini da bugun zuciya, a gwada fitsari da ji, sannan a buɗe maka littafin Ishihara mai ɗigo-ɗigon launuka ka karanta lambobin da ke ɓoye a ciki.

Inda mutane suka fi cutar da kansu shi ne wajen cike fom. Kada ka ɓoye ciwo ko maganin da kake sha, domin hawan jinin da aka shawo kansa ko amfani da tabarau sau da yawa ba sa hana samun shaidar, amma ƙarya idan ta bayyana tana iya janyo ƙwace lasisi.

Idan likita ya ga abin da bai gamsu ba, zai miƙa batunka ga likitocin hukuma, su nemi rahoton ƙwararre, wani lokaci su ba da shaidar da sharaɗi, kamar tashi tare da matuƙi na biyu. Shaidar aji na 1 takan yi wata 12, tana kuma raguwa zuwa wata 6 idan shekaru suka ja, saboda haka ka nemi ganin likita makonni kafin ta ƙare.