Darasi: Yadda Ake Tsara Wasiƙar Labarai ta Imel

A Daura da ƙauyukanta, da wuya a sami ƙungiyar unguwa ko ta 'yan kasuwa da ba ta da 'ya'ya a Kano, Abuja ko Legas. Suna aiko da gudummawa, kuma haƙƙinsu ne su san inda ta shiga. Wasiƙar labarai saƙo ɗaya ce da sakatare zai riƙa tura wa kowa ta imel a rana sananniya, misali Juma'ar farko ta kowane wata. Yawancin aikinta ana gama shi ne tun kafin a taɓa waya.

Ku fara da littafi da biro. Duk abin da ya faru, ku rubuta shi a ranar: an gyara famfon burtsatse, taki ya iso, an yi suna, an yi rasuwa. Wanda ya bari sai ƙarshen wata, rabi zai manta.

Idan ranar turawa ta matso, ku buɗe littafin ku tambayi kanku: wane labari ne ba ma so ya wuce kowa? Shi zai biyo bayan sallama. Nan ne masu koyo suka fi shan wahala, domin mun saba da doguwar gaisuwa, a tambayi gida da gajiya da iyali kafin a zo ga magana. A zaure hakan ladabi ne. Amma mai karanta imel wataƙila yana tsaye a shago ne, datarsa kuma da kuɗi ya saya. Gaisuwar layi biyu ta isa. Sai babban labari, sai bayanin kuɗi da lambobi: abin da ya shigo, abin da aka kashe, abin da ya rage. Wannan sashe kada ya fita sai ma'aji ya duba shi, domin kuskuren sifili ɗaya yana iya raba zumunci. Saƙonnin barka da na ta'aziyya su zo daga ƙarshe, bayan an nemi yardar iyalan.

Ku ware shafi ɗaya don shirin shekara. Kafin damina, wajen Mayu da Yuni, maganar iri da taki ce. Satumba, komawar yara makaranta. Da kaka, farashin gero da dawa da wake. A Rabi'ul Awwal akwai Mauludi da Sallar Gani, lokacin da 'yan Daura ke dawowa gida, don haka sanarwa ta fita tun wata guda kafin nan. Shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kwana 10 ko 11, saboda haka ana sabunta shafin duk shekara.

Kan saƙo, wato layin Subject da ake gani kafin a buɗe imel, ya faɗi abin da ke ciki. "An gama gyaran famfo, taro ranar 5 ga Yuli" ya fi "Labaran wata" sa mutum ya buɗe. Hoto ɗaya ko biyu sun wadatar. Gmail ba ya ɗaukar abin da aka maƙala idan ya wuce MB 25. Adireshin mutane kuwa amana ne: ku zuba su a layin Bcc, wato layin ɓoye masu karɓar saƙo, yadda wani ba zai ga na wani ba.

Aikin gida: ku rubuta abubuwa biyar da suka faru a unguwarku cikin wannan wata, ku ja layi a ƙarƙashin wanda zai zo farko, sannan ku yi masa kan saƙo da bai wuce kalma goma ba. A aji na gaba kowa zai karanto nasa.