Yadda Za a Haɗa Teburin Kimiyya na Taɓa-Ka-Gani a Makarantar Unguwa

Da can gidajen adana kayan kimiyya doka ɗaya gare su: kalla da ido, kada ka taɓa. Masanin kimiyya Frank Oppenheimer ya karya dokar da ya buɗe gidan kimiyya na Exploratorium a San Faransisko ta Amurka a 1969, shekarar da aka buɗe makamancinsa a Toronto ta Kanada. Kafin su, gidan kimiyya na Landan ya ware wa yara sashe tun 1931. Abin koyi a wurin Oppenheimer shi ne ya ajiye wurin ƙira da gyara a bainar jama'a, don kayan da yara ke taɓawa dole su lalace. Malamin Islamiyya a Agege ko Idi-Araba ta Legas zai iya yin haka da teburi guda.

A fara da ƙaramin inji mai juyi da lantarki. Ana buƙatar babban batir na tocila mai bolt 1.5, fil biyu masu makulli, roba, maganaɗisu daga tsohuwar sifika, da wayar tagulla mai fenti kamar mita ɗaya. Masu gyaran fanka suna da ragowarta, a kasuwar Alaba ma ba ta wuya. A naɗe wayar sau 12 a jikin ƙaramin batir, a zare ta zama zobe, a bar wutsiya santimita 4 kowane gefe, su miƙe saitin juna. A ɗaure fil ɗin a bakunan babban batir da roba, a zura wutsiyoyin cikin idanunsu, maganaɗisu a ƙasan zoben.

Sirrin yana wurin kankara. Wutsiya ɗaya a kankare fentinta kaf da reza. Ɗayar kuwa, a riƙe zoben a tsaye a kankare rabin sama kaɗai. Rabin fentin da ya rage shi ke yanke wuta a kowane rabin juyi, sai zoben ya wuce da ƙarfin gudunsa. In aka kankare duka biyun, galibi sai ya yi ta lilo a wuri ɗaya yana ɗaukar zafi. In ya ƙi tashi ko an tunkuɗa shi da yatsa, a duba: ko gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya, ko maganaɗisun ya yi nisa. Iskar Legas mai laima da gishiri tana sa fil tsatsa da wuri, sai a riƙa goge idanun da sanfefa duk mako. A cire zoben in an tashi, in ba haka ba batir ya mutu kafin gobe.

Na biyu ba ya cin ko sisi. Kwalin takalmi, a huda gefe ɗaya da allura, a yanke taga a ɗaya gefen a manna farar leda marar kauri. Yaro ya lulluɓe kansa da zane ya fuskanci titi da rana: zai ga motar haya ta danfo na tafiya kai ƙasa, domin haske a miƙe yake tafiya. Masani Balarabe Ibnul Haisam ya yi bayanin wannan kimanin shekara 1,000 da suka wuce. Huji babba yana ƙara haske amma hoton ya dushe.

Wasan goga balan-balan a gashi don ya ɗauki gutsuren takarda, a bar shi sai hunturu. Laimar damina tana zuƙe cajin nan take.

Kada a rubuta amsa a jikin teburi. Tambaya ɗaya ta isa: "Me zai faru in ka kife maganaɗisun?" Zoben zai juya ta ɗaya ɓangaren, amma a bar yaron ya gano da hannunsa.